Ciwon da Ba Ya Bin Maigidana Ci-rani

Maigidana mai shayi ne. Tun kafin a ɗaura mana aure yake da tebur a Ibadan, kusa da wata tashar manyan motoci. Kamar yawancin mazan unguwarmu a Matameye, da an gama girbi an zuba gero a rumbu sai ya saɓa jaka ya tafi, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ni ina koyarwa a lekwal, wato makarantar boko, ajin ƙanana, shi ya sa kowa ke kirana Madam, har shi ma. Muna zaune da yaranmu a gidansu tare da mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, da yayansa wanda ke da nasa sashe ta bayan rijiya.

A shekarar da abin ya fara, da ƙiba ya dawo. Shi da ake tsokana da sillen kara, sai ga shi ya sauko daga mota da kumatu da ɗan tumbi, rigunansa na bara duk sun matse shi. Abokansa suka yi ta cewa Ibadan ta karɓe shi. Inna ta yi ta murna, wai yanzu ne ɗanta ya yi kama da magidanci. Ni ma na ji daɗi. Abin da kawai na lura da shi shi ne yunwa. Da ya farka sai ya nemi abin sa wa a baki, ko ɗumamen tuwo ne, idan na makara kuma ya hau faɗa, shi da ba mafaɗaci ba.

Akwai wata gona a hanyar Kurni da ta faɗo musu a gado a wannan shekarar, mai wata tsohuwar tsamiya a tsakiya. Da shuka ta fito, shi da Yaya suka fara noma a can. Suna fita da sassafe don su ci aiki kafin rana ta yi zafi, sai da hantsi a kai musu fura.

Ran nan ina wanki a tsakar gida sai na ji amalanken shanu ya tsaya a ƙofa, ko fura ba a kai ba. Yaya da wani maƙwabcin gona suka shigo da shi ranga-ranga. Rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, amma jikinsa sanyi ƙalau. Idanunsa a buɗe suke, ba ya ganin kowa. Yaya ya ce suna cikin noma sai ya yar da hauya ya fara kewaya tsamiyar nan yana surutai, da ya je riƙe shi sai ya kai masa naushi.

Inna ta riga ta dama furar da za a kai gona, ta zuba mata sukari da yawa yadda yake so. Ta ɗebo a ludayi ta kai bakinsa tana addu'a. Ya haɗiye, ta ƙara. Kafin ta kai rabin ƙwarya sai ya ƙifta ido, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Me ya kawo ni gida?" ya ce. "Ina hauyata?"

Bai tuna komai ba. Da aka ba shi labarin naushin, sai ya yi ta ba Yaya haƙuri, kunya ta rufe shi.

Muka ce zafin rana ne. Amma abin ya sake dawowa, ya kuma sake, kullum a gonar nan, kullum da hantsi. A wani ɗakin shan magani aka gwada shi aka ce ƙila zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai. Ya sha magani ya shanye, ba abin da ya canja. Sai magana ta koma kan tsamiya. Tsofaffin unguwa suka ce ai dama mai gonar na farko ba ya yarda a yi noma a gindinta. Inna ta sa aka kira Malam, wani dattijo abokin marigayi mahaifinsu, mutum mai sanyin magana. Duk lokacin da aka kawo maigidana a wannan hali, Malam yakan zo ya yi masa karatu, ya ba shi rubutu gauraye da zuma. Yana sha kuwa yake dawowa hayyacinsa. Wa zai yi musu da abin da idonsa ya gani?

Da aka yi girbi ya koma Ibadan. Na yi ta jiran mummunan labari. Duk ƙarar da waya ta yi, ko a cikin aji nake sai na fita na duba. Amma har rani ya ƙare ko ciwon kai bai ce ya yi ba. Waɗanda suke ɗaki ɗaya da shi a can suka tabbatar lafiyarsa lau, sai ƙiba da yake ƙarawa.

Wannan ya kamata ya kwantar mini da hankali, amma sai ya jawo wata magana. Idan lafiya yake a can, a nan kuma ciwo, to ciwon a nan yake zaune yana jiransa. Wasu suka ce a gona yake. Wasu suka ce a cikin gida. Ba wanda ya faɗa mini a fuska, amma na ga yadda matan dangi ke yin shiru idan na shigo gidan suna.

Shekara ta biyu ya dawo ana gab da azumi, don a waɗannan shekarun azumi yana faɗowa ne a ƙarshen bazara. Nan ne muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. Ba gona, ba tsamiya, yana zaune a zaure ma sai abin ya taso. Zai yi sahur ya ƙoshi, amma kafin azahar leɓensa na sama ya fara tsattsafo da gumi, hannunsa na rawa, maganarsa ta fara harɗewa kamar ta mai maye. Na koyi gane alamun nan tun daga nesa. A lekwal na kasa zama a kujera. Ina rubutu a allo, kunnena yana waje, duk kabu-kabun da ya rage gudu a bakin ƙofa sai na ɗauka ni aka zo kira. Da an tashi hutun tsakar rana sai na kama hanyar gida da sauri-sauri, in leƙa zaure, in koma.

Malam ya ce masa ya ajiye azumin, marar lafiya yana da uzuri a wurin Allah. Ya ƙi. Ya ce tun yana ɗan yaro bai taɓa shan azumi ba, ba zai fara da gemu ba.

Sai ranar Juma'ar nan. An tayar da salla, yana cikin sahu, sai ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa, ya fara dariya, ya ratsa sahu ya fita yana tangaɗi. Ban gani da idona ba, amma kafin la'asar babu gidan da labarin bai shiga ba. Daga ranar kalmar ta canja. Da ana cewa iskoki, yanzu aka koma cewa taɓin hankali. Wani ya kawo mana ƙwayoyin farfaɗiya, ya sha, suka ƙara masa kasala kawai. Ya daina zama a dandali. Ya daina zuwa masallacin unguwa, sai ya yi sallarsa a ɗaki. Mutumin da sana'arsa hira da jama'a ce ya koma ba ya son haɗa ido da kowa.

Wata rana abin ya taso masa da ƙarfi, har ya daina surutan ma, ya kwanta shiru yana numfashi sama-sama. Aka kira Malam. Ya zo da sauri, ya yi karatu, ya wanke allo, muka ɗura masa rubutun. Muka jira. Bai motsa ba. Malam ya sake karatu, ya sake ba shi. Shiru. Inna ta fara kuka ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na kasa tsayawa wuri ɗaya, na shiga madafa na fito, na koma, sai na ga sauran kunun yara a kofi. Na ɗauko, na tallafi kansa, na riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan a gefen baki. Can sai ya yi tari, ya buɗe ido.

Da Malam zai tafi, na raka shi zaure. Ya tsaya yana sa takalmi, bai dube ni ba.

"'Yata, me kika sa a kunun nan?"

"Sukari ne kawai, Malam."

Ya jinjina kai. "Yau zumata ta ƙare, ban sa a rubutun ba. Da sauri na fito, ban tsaya nema ba." Ya gama sa takalmin. "Allah ne mai warkarwa, amma yakan sa sababi. Ni dai abin da na gani yau ya isa in ce muku ku nemi sababin nan a asibiti. Kada ku kai shi yana lafiya. Ku kai shi lokacin da abin yake kansa, su gani da idonsu. Addu'a kuma ba za mu fasa ba."

Daga ranar na fara ƙulla sukari a bakin mayafina. Ko ina za ni yana nan, har cikin aji.

Bayan salla da 'yan kwanaki abin ya sake tasowa. Wannan karon ban ba shi komai ba. Ni da Yaya muka sa shi a tsakiya a motar wani maƙwabci, muka nufi asibiti. Malamin asibitin da muka tarar ya saurare ni, ya soki ɗan yatsan maigidana, ya ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Ya duba, ya ɗaure fuska, ya sake sokar wani yatsan. Ya ruga ya kawo ruwan sukari ya ɗaura masa a jijiya. Muna tsaye muna kallo, mutumin da muka ɗauko kamar gawa ya tashi zaune yana tambayar wa ba shi da lafiya.

"Sukarin jininsa ne ya yi ƙasa ƙwarai," in ji malamin asibitin. "Irin wannan, yawanci a wurin masu shan maganin ciwon sukari muke ganinsa. Yana sha ne?"

Muka ce a'a.

"Akwai mai shan irin maganin a gidan? Ko wanda ke ajiye shi?"

Tambaya ce ta aiki, ba da wata manufa ya yi ta ba. Amma mahaifina a Kance yana da ciwon sukari, kuma ni nake saya masa ƙwayoyinsa a farmasi in ajiye har in sami mai zuwa. Kowa a gidan ya san haka. Na ji idon Yaya a kaina tun kafin in buɗe baki.

A gida ba a yi rigima ba. Da ma an yi, da ya fi mini sauƙi. Washegari kawai na ga Inna ta ɗora 'yar tukunya a nata murhun, ta ce daga yau ita za ta riƙa dafa wa ɗanta, wai don in huta da ɗawainiya, ga lekwal ga yara. Na ce to. Na shiga ɗaki na zauna, na tashi, na share ɗakin da na riga na share.

Da maraice aka kawo masa tuwon Inna. Ya dube shi, ya dubi kwanon da na zuba wa yara. Ya jawo tabarma tsakar gida inda kowa zai gani.

"Madam, zubo mini naki."

"Inna ta riga ta kawo maka," na ce.

"Zan ci na Inna, zan ci naki. Ai kin san cikina yanzu."

Ya cinye duka biyun. Bai ƙara cewa komai a kan maganar ba, ni ma ban tayar ba. Amma Inna ba ta sauke 'yar tukunyarta ba, ciwon kuma bai fasa zuwa ba.

Aka ba mu takarda zuwa Damagaram. Likitan da muka gani a can ba tsoho ba ne, mai yawan tambaya. Ya sa na ba shi labari tun daga ranar amalanke. Sannan ya juya ga maigidana ya tambaye shi yadda yake wuni a Ibadan.

"Ina hura wuta tun kafin asuba," ya ce. "Kofin farko nawa ne, da madara da sukari. Bayan nan kuma duk tukunyar da na haɗa sai na ɗanɗana. Ga burodi a gabana. Haka har in tashi."

"Ba ka taɓa jin komai a can ba?"

Ya yi ɗan tunani. "Wani lokaci nakan farka kaina ya yi nauyi, ina gumi. Amma da na sha shayi shi ke nan. Ban ɗauke shi ciwo ba."

Likita ya ajiye alƙalami. Ya ce ciwon yana binsa Ibadan, teburin shayi ne kawai ke rufe shi. Ya ce yana zargin wani abu da ba a cika gani ba, shi kansa sau ɗaya ya taɓa ganinsa lokacin yana karatu, amma ba zai faɗi sunansa ba sai ya tabbatar. Hanyar tabbatarwa kuwa ita ce a kwantar da shi a hana shi abinci, sai ruwa, har abin ya taso, a ɗebi jini a daidai lokacin.

Ban taɓa yin wuni mai tsawo irin wannan ba. Tun safe aka fara. Ma'aikaciyar ɗakin tana zuwa lokaci-lokaci ta soki yatsansa ta rubuta. Ni kuwa daga bakin gado zuwa baranda, daga baranda zuwa gindin dogon yaro inda masu jinya ke shimfiɗa tabarmi, in dawo. Wata mata ta ce in zauna in ci abinci, na zauna, na ɗauki loma, na ajiye. Hannuna yana kan ƙullin sukarin nan, in kwance in ɗaure.

Rana ta ɗan karkata sai na ga gumin a leɓensa. Na kira ma'aikaciyar. Ta gwada, ta ce ya sauka, amma likita ya ce sai ya ƙara sauka kafin a ɗebi jinin, in ba haka ba wahalar ta tashi a banza. Ta ce tana nan kusa, allurar sukari ma ga ta a shirye a kan tire. Na san gaskiya take faɗa. Amma shekara biyu ina koya wa kaina cewa da na ga gumin nan in yi maza, yanzu an ce in tsaya in kalla.

Ya lura da hannuna. Muryarsa ta riga ta fara nauyi.

"Madam, fita waje."

"Ba inda za ni."

"To ba Yaya mayafin."

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa. Na kwance ƙullin na miƙa masa sukarin, ya karɓa ya sa a aljihu, ba wanda ya dubi wani. Muka tsaya. Maigidana ya fara tsintar zanen gado da yatsu, sannan ya fara magana da Yarbanci, yana kiran masu saye, yana tambayar wani ko a sa masa ƙwai. Idanunsa suka fara juyewa. Ma'aikaciyar ta sake gwadawa, ta aika a kira likita. Suka ɗebi jini kwalba bayan kwalba, a ganina kamar ba za su gama ba, sannan aka tura masa sukarin a jijiya. Da ya dawo, tambayar farko da ya yi ita ce ko an samu abin da ake nema.

Jinin sai da aka aika da shi nesa, don ba a yin wannan awon a Damagaram. Muka koma Matameye da umarni: ya riƙa ci kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada ya yi aikin ƙarfi da yunwa, kada ya yi azumi ko na nafila. Aka yi girbi, sakamako bai zo ba. Maza suka fara tafiya. Kullum da safe sai ya je tasha ya raka wani, ya dawo ya kasa zama. Ya ce zai tafi, tunda a can lafiyarsa lau, me zai zauna yi? Na tuna masa abin da likita ya ce, cewa duk faɗuwar da yake yi tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma wata rana zai iya kwantawa a can ya kasa tashi hura wutar. Dama na fara ganin yana mantuwa, ya aiki yaro ya manta abin da ya aike shi. Muka yi ta ja. A ƙarshe ya kafa ɗan tebur a bakin tashar garinmu, ya yi rani a gida karo na farko tun yana saurayi. Ciniki ba yawa, garin duk mata da tsofaffi. Yakan ce ji yake kamar an ɗaure shi a turke.

Da sakamako ya zo, likita ya kira mu mu uku, har da Yaya. Ya fara da cewa babu alamar wani magani a jinin, jikinsa ne da kansa ke yin abin. Ya zana mana a takarda. Akwai wata tsoka a kwance a bayan tumbi, ita ke fitar da sinadarin da ke rage sukari a jini idan mutum ya ci abinci. A jikin maigidana wani ɗan ƙari ya tsiro a cikinta, yana ta zubo sinadarin ba dare ba rana, ko ya ci ko bai ci ba. Yawanci irin wannan ƙarin ba mai yaɗuwa ba ne, idan aka cire shi an rabu da ciwon. Matsalar ita ce gano inda yake, don ƙarami ne ƙwarai. An yi masa eko, wato hoton ciki, ba a gani ba. An sa shi a babbar na'urar hoto, nan ma ba a gani ba.

"To idan ba a gan shi ba, ta yaya aka san yana nan?" in ji Yaya.

"Idan ka ga hayaƙi yana fita ta rufin ɗaki, ka san akwai wuta ko ba ka shiga ba," likita ya ce. Ya rubuta mana takarda zuwa wani asibiti a Kano.

Muka bi ta Daura. Na ɗauki hutu a lekwal, muka bar yara wurin Inna. A Kano muka sauka gidan wani ɗan garinmu mai sayar da goro. Daga nan kullum sai asibiti: yau layi, gobe a dawo, jibi na'ura tana hutawa. Na san kowane lungu na wurin saboda yawo, don ba na iya zaman benci. Sai a hoto na biyu da aka yi a can, bayan an yi masa wata allura, wata likita ta nuna mana wani ɗan fari-fari a jikin hoton. Ni ban ga komai ba sai da ta kewaye shi da alƙalami.

Ranar aiki aka ce ana bukatar jini a ajiye. Kafin in yi magana Yaya ya naɗe hannun riga ya bi ma'aikacin da ya kawo maganar. Da ya fito, ya je ya sayo mini ƙosai da kunu ya ajiye a gefena.

"Ki ci, Madam. Tun jiya ban ga kin ci komai ba."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan zargin da aka yi mini, ban kuma nemi ƙari ba. Na ci.

Aikin ya daɗe. Da aka gama, likitan da ya yi shi ya fito da wata 'yar kwalba, abin yana ciki yana yawo a ruwa. Bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ja-ja haka. Na yi ta kallonsa ina neman wani abin tsoro a jikinsa, ban samu ba. Likitan ya ce sai da ya lalubo shi da yatsa kafin ya gan shi, kuma ana cire shi sukarin jinin ya fara hawa tun suna cikin ɗakin. Ya nemi izini ya nuna wa ɗalibansa, don wasunsu za su gama aiki ba su ga irinsa ba.

Warkewa ba ta zo da sauƙi ba. Wurin da aka yanka a ciki ya riƙa tsiyayar ruwa, aka bar masa roba a gefen ciki, muka daɗe a Kano fiye da yadda muka zata. Har muka dawo gida da robar, ana wanke masa a asibitin garinmu. Ƙibar ta zube, ya koma sillen karansa. Inna ta damu da ramar, ta yi ta dafe-dafe, amma yanzu a tukunya ɗaya muke yi, ban ma san ranar da 'yar tukunyar ta koma ɗaki ba. Awon da aka yi wa ƙarin ya nuna ba mai yaɗuwa ba ne. Azumin da ya biyo baya likita ya yarda ya gwada, ya kuma kai shi lafiya. Mantuwar dai ba ta tafi duka ba, har yau yakan tsaya tsakiyar magana yana laluben kalma. Da rani ya zagayo ya koma Ibadan. Ya tarar wani ya kafa tebur a wurinsa, sai da ya nemi wani gefen tashar.

Abin da ban zata ba shi ne yadda labarin ya bazu. Mutane suka fara sallama a ƙofarmu, duk mai ɗan'uwa da ke faɗuwa ko surutai, wai a nuna musu hanyar da muka bi. Wata mata ta zo daga Icirnawa da 'yarta budurwa, wadda ke faɗuwa tun tana ƙarama, duk goshinta tabo. Ta ce ta ji an ce akwai abin da ake cirewa a ciki mutum ya warke sarai. Ta ce ta gwada ba ta sukari, wani lokaci kamar yana yi.

Na bar abin da nake yi na raka su asibiti. Malamin asibitin nan da ya fara gwada sukarin maigidana ya karɓe su, ya yi tambayoyi, ya sa suka zauna a garin har abin ya taso mata, ya gwada jininta a lokacin. Sukarinta daidai yake. Farfaɗiya ce ta ainihi. Ya ce akwai maganin da zai rage mata faɗuwar ƙwarai idan ana sha kullum ba fashi, amma babu abin cirewa.

Da muka kusa tasha uwar ta juyo wurina.

"Madam, ko a Kano za su ga wani abu? Ke ma ai kin ce da farko ba a gani ba."

Na ce mata nasu daban ne, na yi ƙoƙarin bayyana mata yadda likita ya bayyana mana. Tana ta gyaɗa kai, amma na san ba ta bar maganar ba. Motar Icirnawa ta kusa cika. Ta tura 'yar ciki, ta sa ta zauna nesa da taga, ta cusa ledar maganin a cikin zaninta. Sannan ta leƙo ta tambaye ni ranar da ba ni da lekwal, don akwai wani ɗan ƙanenta ma da take so in gani.